Shin Mai Sukar Gwamnati Ya Fita Daga Sahun Masu Kishin Ƙasa?

Idan mutum ya fito fili ya ce shugabanni sun gaza, ko ya ce rayuwa a Najeriya ta zama ukuba, ya nuna ba ya kishin ƙasarsa ke nan? Ko kuwa shi ne mai kishin, wanda ya yi gum shi ne ya ci amana? Tambayar ta daɗe, amma tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 ta ƙi kwanciya. Ana yin ta a rediyo, ana yin ta a Facebook, a majalisun unguwa ma da wuya a yi hirar siyasa a watse ba a jefi wani da "ba ka da kishin ƙasa" ba.

Kwanakin baya na tarar da irin wannan gardama a teburin mai shayi a Tudun Wadar Zariya. Wani matashi da ya gama hidimar ƙasa, ya shekara biyu yana yawo da takardu, ya ce shi kam da zai samu biza yau, ko waiwaye ba zai yi ba. Wani dattijo, tsohon soja, ya dire kofinsa ya ce, "Yaro, ƙasar nan da kake zagi, akwai abokanmu da muka binne a daji saboda ita." Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarku. Ni ba ƙasa na zaga ba, masu riƙe da ita nake nufi." Dattijon ya ce, "Ai duk ɗaya ne."

A kan wannan "duk ɗaya ne" rigimar take, kuma a nan nake ganin Baba ya yi kuskure, duk da cewa zafin da ya ji na gaskiya ne.

Mene ne kishi tukuna?

Bahaushe bai aro kalmar daga ko'ina ba. Kishi shi ne zafin da zuciya ke ji idan aka taɓa abin da yake naka, ko aka nemi wulaƙanta shi. Daga nan muka samu kishiya, da kishin addini, da kishin kai, da kishin zuci. Kishi ba ya barin mai shi ya zauna lafiya. Magidancin da damina ta kama shi, katanga ta tsage, rufi na yoyo, yana zaune a zaure yana ba baƙi labarin yadda kakansa ya gina gidan, ba wanda zai kira shi mai kishin gida. Wanda ya hana kowa sakat sai an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, shi ake ba wannan suna.

Alfahari kuma wani abu ne daban, kuma yana da gurbinsa. Ɗan Najeriya yana da abin buga ƙirji: sojojinmu ne suka ɗauki mafi nauyin aikin kwantar da yaƙin Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, 'yan ƙwallonmu suka ɗauko zinare a gasar Olamfik ta 1996, ma'aikatan lafiyarmu suka daƙile cutar Ebola a 2014. Bazazzagi ma ba a bar shi a baya ba. Irin masara da wake da gyaɗa da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar ana shuka su har a ƙasashen maƙwabta, kuma matuƙa jirgin sama da dama a nahiyar nan a Zariya suka koyi tashi. Sai dai alfahari ya fi karkata ga abin da aka riga aka samu, shi kuwa kishi har abin da ke lalacewa yana gani. Mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun, kuma haka ya fi.

Ƙasa daban, gwamnati daban

Abubuwa uku muke cakuɗawa. Akwai ƙasa, wato jama'a da gonakinsu da garuruwansu da makabartun iyayensu. Akwai gwamnati, wato mutanen da aka ba riƙon amana na shekara huɗu, in an sabunta su yi takwas. Sannan akwai jam'iyya ko ɗan siyasar da mutum yake so. Tun daga 1960 gwamnatoci nawa suka zo suka wuce, na farar hula da na kaki, dutsen Kufena yana nan inda yake.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya bambance su ƙarara. Sashe na 14 ya ce iko na jama'a ne, daga wurinsu gwamnati ke samun nata, kuma tsaro da jin daɗin jama'a shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, na 40 ya ba da 'yancin taro cikin lumana, na 22 ya ɗora wa kafofin labarai aikin bin diddigin gwamnati. A ɗaya hannun, sashe na 24 ya ɗora wa ɗan ƙasa nauyin girmama tuta da taken ƙasa da hukumomi halattattu, da taimakawa wajen ɗaga sunan Najeriya, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wasu 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya. Littafi ɗaya ne ya ce ka girmama hukuma, ya kuma ce kana da bakin tuhumarta. Masu rubuta shi ba su ga karo tsakanin biyun ba.

Kotuna ma sun yi magana. A 1983, a shari'ar marubuci Arthur Nwankwo da aka ɗaure saboda ya caccaki gwamnan tsohuwar jihar Anambra a rubuce, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar tunzura jama'a da muka gada daga Turawa ta saɓa wa tsarin mulki. A 2007 kuma wannan kotun ta ce ba dole ba ne a nemi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami. Asalin ƙarar shi ne taron jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a 2003, lokacin Janar Buhari yana jagoran adawa.

Abin da Zariya ta gani da idonta

Garin nan ya fi ko'ina dacewa da wannan muhawara, domin fuskokin kishin biyu duka suna cikinsa. A nan ne barikin horar da kuratan soja yake, inda ake ɗaukar samari daga kowace jiha a koya musu biyayya da mutuwa a kan tuta. A nan kuma Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, inda ake koya wa 'yan'uwansu su tambayi dalilin kowane abu. Keke Napep ɗaya ne ke ɗaukar su biyun daga Kwangila.

Kafin jami'a ma, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta, kuma wasiƙun masu karatu suka zama wurin da talakan Arewa ya fara kai kukansa a rubuce. A daidai wannan zamani Malam Sa'adu Zungur, lokacin da yake koyarwa a Zariya, ya tara 'yan boko a ƙungiyar tattaunawa suna bin diddigin mulkin En'e. A idon hukuma a wancan lokaci, masu fitina ne.

Amma babu misalin da ya kai na Hajiya Gambo Sawaba. Yarinya ce 'yar Sabon Gari da ta shiga jam'iyyar NEPU tana da ƙuruciya, ta yi magana a kan auren dole da aikin tilas da hana mata ƙuri'a. An doke ta, an aske mata kai, an kore ta daga Kano, kuma ana yawan ambaton cewa sau 16 aka ɗaure ta. Ba irin sunan da ba a kira ta da shi ba. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970, bayan 'yan'uwansu na Kudu sun daɗe da samu. Ta rasu a 2001. Yau duk wadda ta je awo babban asibitin Ƙofar Gayan, ƙarƙashin allo mai ɗauke da sunan Hajiya Gambo take wucewa. Gwamnati ce ta sa sunan. Haka filin jirgin saman Kano yake ɗauke da sunan Malam Aminu, wanda mabiyansa suka sha bulala da kurkuku a hannun 'yan doka. Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani: da a ce an yi nasarar rufe bakin waɗannan mutane da sunan ladabi ga hukuma, mahaifiyarsa da yayarsa da wace ƙuri'a za su fita ranar zaɓe?

Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi wannan sawu ta hanyar alƙalami. Yana cikin kwamitin da gwamnatin Murtala ta kafa don rubuta tsarin mulki, amma da ya ga daftarin bai kare talaka ba, shi da Dokta Segun Osoba suka rubuta nasu rahoton daban a 1976. Ya soki gwamnatoci bi da bi har rasuwarsa a 2005, kuma duk da haka da wuya a samu wanda ya kai shi kare haɗin kan Najeriya a gaban masu cewa a raba ta. Mutum ɗaya, harshe mai kaifi a kan masu mulki, ƙauna mai zurfi ga ƙasar.

Wannan tarihi yana da jini a cikinsa. An kashe ɗalibai a Samaru a zanga-zangar Afrilun 1978 kan ƙarin kuɗin abinci da masauki, aka sake rasa rayuka a watan Mayun 1986.

Me ya sa ake cakuɗa su?

Dalili na farko gado ne. Turawa sun bar mana dokokin da suka ɗauki sukar Gwamna tamkar tawaye, soja kuma suka zo suka ɗora. A ƙarƙashin Doka ta 4 ta 1984 aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Ƙasar da ta shafe kusan shekara 29 a hannun soja, dole al'adar "a bi umarni kafin a yi ƙorafi" ta zauna a zukata.

Na biyu sauƙi ne. Amsa tambaya a kan farashin masara yana da wuya, cewa mai tambayar maƙiyin ƙasa ne ba ya buƙatar lissafi. Shi ya sa kusan kowace gwamnati take zuwa da gangamin gyaran hali: yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, shirin wayar da kai na MAMSER a 1987, gyaran sunan ƙasa a 2009, "canji daga kaina zai fara" a 2016. Akwai alheri a cikinsu, amma dukkansu yatsa suke nuna wa talaka. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa cikin 'yan kwanaki, a lokacin da hauhawar farashin abinci ke wajen kashi 40 cikin ɗari, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a 2023 tana ta hawa. Mutane da yawa suka ce ba waƙa ce ke damunsu ba.

Na uku, kuma wannan namu ne mu talakawa, shi ne son kai na ɓangare. A Janairun 2012, da Shugaba Jonathan ya cire tallafin mai, mun cika tituna, muna ganin kishin ƙasa ne. Da mulki ya dawo hannun Buhari a 2015, da yawa daga cikinmu suka mai da duk mai sukarsa maƙiyin Arewa, ko da kuwa ƙauyensu ne 'yan bindiga suka tasa. Zanga-zangar 2020 kan 'yan sandan SARS mun kalle ta a matsayin makirci. A 2024 sai reshe ya juye da mujiya: mu ne a titi, wasu a Kudu suna cewa makirci ne ake ƙulla wa nasu. In dai ma'aunin mutum yana canzawa da sunan wanda ke fadar Aso Rock, to ɗan garinsu yake kishi, kada ya laƙaba wa ƙasa. Ga kuma sojojin baka da ake biya da kuɗin data, aikinsu ke nan dare da rana, su wanke ubangida su shafa wa mai tambaya baƙin fenti.

Hujjar masu cewa a yi hattara

Ba daidai ba ne a ɗauka duk mai cewa a sassauta harshe ɗan amshin shata ne. Suna da hujjoji masu nauyi.

Ta fuskar addini, malamai sun rabu kafin zanga-zangar 2024. Wasu suka kafa hujja da hadisin da ya ce mai son yi wa shugaba nasiha ya kama hannunsa ya keɓe da shi, suka tunatar da abin da ya faru a Libiya da Siriya da Sudan. Wasu suka kawo hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin shugaba. Hukunci na malamai ne. Abin da zan iya ƙarawa shi ne manomin Dambo ko Wuciciri ba shi da ƙofar da zai bi ya kama hannun gwamna, kuma shugaban da ya nemi ƙuri'a a bainar jama'a, ya yi alkawari da lasifika, ya amince ke nan a tambaye shi a bainar jama'a. Tarihinmu ma ya san wannan. Shehu Usmanu ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a rubuce, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa nasu mutanen ya soka, da ya ga son duniya ya shigo cikin jama'a, har ya bar runduna ya yada zango a Kano. Maganar nan da ake yawan ja, cewa son ƙasa yana daga cikin imani, masana hadisi sun ce ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba, ko da yake son da ya yi wa Makka sananne ne.

Ta fuskar tsaro, ana cewa sukar soja na karya gwiwar waɗanda ke daji. Gaskiya ne sojan da ke Birnin Gwari ko Sambisa ya cancanci addu'a da girmamawa. Amma a tuna Tudun Biri, a ƙaramar hukumar Igabi, inda jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa masu Maulidi bam a ranar 3 ga Disambar 2023, hukumar agajin gaggawa ta ce aƙalla mutum 85 suka rasu. Jama'a sun ɗaga murya, rundunar soja ta amsa kuskurenta, babban hafsanta ya je ya ba da haƙuri. Amsa laifin bai rage wa rundunar daraja ba.

Inda hujjarsu ta fi ƙarfi shi ne a kan salon sukar. Akwai mai yaɗa hoton ƙarya, akwai mai zagin iyayen shugaba, akwai mai murna idan an kai hari don gwamnatin da ba ya so ta ji kunya, akwai mai tsine wa ƙasar gaba ɗaya a gaban 'ya'yansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma wasu da gaske sauke mu raba suke nufi. Hanyar gane su ba ta da wuya: shin abin da ya faɗa gaskiya ne? Shin zai ji daɗi idan aka gyara, ko da abokin hamayyarsa ne ya gyara? Shin ya faɗi irinsa lokacin da nasa ke kan kujera?

Batun tutar Rasha

A lokacin zanga-zangar Agustan 2024, a Kano da Kaduna da wasu garuruwa an ga matasa ɗauke da tutar Rasha, wasu suna kiran soja su karɓi mulki. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce cin amanar ƙasa ne, ofishin jakadancin Rasha ya nesanta kansa, aka kama telolin da ake zargi da ɗinka tutar. A ranar 5 ga Agusta aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya bayan ɓata-gari sun shiga fasa dukiya.

Ɗaga tutar kuskure ne babba. Yaran sun kwaikwayi abin da suka gani daga Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba su san abin da iyayensu suka sha a hannun soja ba, kuma sun miƙa wa hukuma sandar da za ta doke koken yunwa da ita. Fasa shagon wani talaka kuwa sata ce, ba ta da wani suna.

Amma abin da ya biyo baya ya fi muni. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗanda aka kama, ciki har da yara masu ƙananan shekaru, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, bisa tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa ke iya kaiwa ga kisa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Aka sa belin naira miliyan 10 a kan kowannensu. Hotunan nan sun zubar da mutuncin Najeriya a idon duniya fiye da duk abin da wani ɗan adawa ya taɓa rubutawa. Surutun jama'a ne ya sa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani misali da ya shafe mu kai tsaye. A watan Agustan 2024 aka gano wani ƙudiri a Majalisar Wakilai mai ɗauke da sunan Kakakin Majalisa, Tajudeen Abbas, wakilin Zariya, wanda ya tanadi tarar naira miliyan 5 ko ɗaurin shekara 10 ga laifuffukan da suka haɗa da ƙin rera taken ƙasa. Jama'a suka yi ca, Kakakin ya janye shi. Ya kyauta da ya saurara, kuma da an yi shiru da ba a ba shi damar kyautawar ba.

Yadda abin ke shafar talaka

Mai kuɗi ba ya buƙatar ɗaga murya, yana da lambar wayar kwamishina. Wanda baki ne kaɗai jarinsa shi ne mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, da malamin firamare, da mai jinya a benci. Duk lokacin da aka mai da ƙorafi ya zama rashin kishi, shi ake toshe wa hanya. In ya gaji, ko dai ya fice in yana da hali, kamar yadda likitoci da malaman jinya ke tafiya Saudiyya da Ingila, ko ya cire rai gaba ɗaya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan duk wani zagi da ake yi a intanet.

Mai suka kuma ya san iyakarsa. Ƙazafi da ɓata suna laifi ne a dokar finalkod da ake aiki da ita a Arewa, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, ko da yake an yi mata gyara a 2024. Wanda ya riƙe hujja, ya ambaci aiki ya bar mutunci, ya fi wuyar kamawa kuma an fi jin maganarsa.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, za a ji kalmar kishin ƙasa a bakin kowane ɗan takara, mai ci da mai neman ci. Kafin nan akwai aikin da ke kusa da hannu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ana wallafa kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya duk wata, har da Zariya da Sabon Gari. A teburin shayin nan na Tudun Wada na tambayi mutanen da ke zaune, wajen goma, ko akwai wanda ya san nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu a watan da ya wuce. Babu ko ɗaya, har da Baba tsohon soja da matashin mai neman biza. Mutum uku ne kawai suka iya faɗin sunan kansilan mazaɓar.